Dogon Hutu, Littafin Soyayya da Farautar Fatalwa

   

Ya ku 'yan'uwana samari, ga dogon hutu ya zo, ga wasunku ma ya zo da wuri. Wanda ya rubuta jarrabawar WAEC ya ajiye alƙalami tun cikin watan Yuni, mai NECO ya biyo bayansa, sauran 'yan makaranta kuwa za a sallame su wajen ƙarshen Yuli, ba za a sake ganinsu a aji ba sai Satumba. Mai jiran sunansa ya fito a jami'a, shi bai ma san ranar da nasa hutun zai ƙare ba. Turawa suna yin hutunsu ne a lokacin zafinsu, mu kuwa namu tsakiyar damina yake faɗowa. Ɗan ƙauye da sauƙi, fartanya tana jiransa, kafin ya gama noman farko da maimai hutu ya ƙare. Ɗan birni shi ne abin ji. Ya tashi da hantsi, ba aji, ba gona, ba kasuwa, sai waya a hannu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu a hutun bara. Wani dattijo maƙwabcina ya same ni bayan sallar Magariba, riƙe da hannun ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha bakwai da bai daɗe da gama sakandare ba. Ya ce, “Malam, a taimaka. Yau kwana goma sha biyu yaron nan ba ya barci, ko bayan gida ba ya iya fita da dare sai an raka shi. Uwarsa ta ce gamo ya yi, a kai shi wajen mai magani.” Na sallami uban, na zauna da yaron, da ƙyar ya buɗe baki. Ashe su huɗu ne suka shirya, bayan sallar Isha'i, suka shiga wani bene da aka fara ginawa aka watsar shekaru da yawa a bakin unguwa, wanda yara ke cewa wai maigadin da ya mutu a ciki yana yawo da dare. Suka kunna tocilar waya, ɗaya yana ɗaukar hoton bidiyo, ɗaya yana kira, “In kana nan ka yi motsi mu ji,” kamar yadda suka ga ana yi a YouTube. Suna hawa matakala sai suka ji wata irin ƙara mai tsawo kamar ana yanka mutum. Kowa ya yi ta kansa. Ɗayansu ya faɗa ramin salga da aka haƙa ba a rufe ba, ya karye a ƙafa.

Na tambaye shi, ban da wannan me yake yi tun da aka ba da hutu? Ya sunkuyar da kai. Littafin soyayya yake karantawa a waya, daga wannan ya kama wancan, wani lokaci har a kira assalatu. Ya ce shi ma bai san ya aka yi ya fara ba, zaman ne ya ishe shi.

To, wannan kalma tasa ita ce darasinmu na yau: zaman ne ya ishe shi. Mai karatu zai ce ina ruwan littafin soyayya da farautar fatalwa? Ni kuwa ina ganin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Zuciyar saurayi tana son ta buga. In ba ta samu abin gaskiya da zai buga ta ba, sai ta nemi na ƙarya, ta yi begen macen da ba a halitta ba, ko ta ji tsoron mataccen da ba ya dawowa. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ambaci ni'imomi biyu waɗanda mutane da yawa suke yin asara a cikinsu, watau lafiya da faraga. Ku dubi kanku. Ba wanda ya haɗa waɗannan biyu kamar saurayi a makon farko na dogon hutu. Kalmar da aka yi amfani da ita a hadisin kalmar ciniki ce, ta mutumin da aka yi wa wayo a kasuwa ya sayar da kaya mai tsada da araha. Kuma a ƙarshen Suratul Inshirahi Allah (S.W.T.) ya umurci Manzonsa cewa in ya gama wani aiki ya miƙe ga wani. Ke nan hutun musulmi sauyin aiki ne.

So da littattafansa

Bari in fara kawar da wata fahimta, domin na san wasunku sun riga sun yanke cewa malami ba zai ce kome ba sai “haramun.” Musulunci bai hana so ba. Amru ɗan Asi (R.A.) ya tambayi Annabi (S.A.W.) wa ya fi so a cikin mutane, ya amsa masa da sunan matarsa A'isha, bai ɓoye ba, bai ji kunya ba. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Ku kuma karanta labarin Mugisu da Barira a Bukhari. Barira baiwa ce, Nana A'isha ta 'yanta ta, sai shari'a ta ba ta zaɓi, ko ta zauna da mijinta Mugisu wanda yake bawa ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa binta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (S.A.W.) bai tsawata masa ba, bai ce masa ya ji kunya ba. Sai ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu yake yi mata da irin ƙin da take yi masa, sa'an nan ya je da kansa ya roƙe ta ta koma. Ta tambaya, umurni ne? Ya ce a'a, ceto yake yi. Ta ce to ba ta da bukatarsa. Aka bar ta. Wane marubuci ne zai ƙaga labarin da ya kai wannan taɓa zuciya? Ga tausayin masoyi, ga kuma 'yancin mace na ta ce ba ta so, abin da masu auren dole a ƙasarmu har yau ba su koya ba.

Manyan malamanmu ma sun yi rubutu a kan so. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, yana da littafi sukutum a kai mai suna Ɗauƙul Hamama. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya rubuta Raudatul Muhibbin. Shi ne kuma ya bayyana cewa ciwon bege ya fi kama zuciyar da take wofi, wadda ba a cika ta da son Allah ba. Ka ga mun komo kan maganar faraga.

Su kuwa littattafan da ke hannunku, ga asalinsu a taƙaice. A Ingila wani kamfani mai suna Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, shi ya shahara da buga ƙananan littattafan soyayya, kuma iyayenku da yayyenku da suka yi makarantar kwana sun san su. Da Hausa kuwa kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa a Kano suka shiga buga nasu da kuɗinsu, abin ya bunƙasa a shekarun 1990 da irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, har aka riƙa kiransu adabin kasuwar Kano. Adalci ya sa in faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda suka yaƙi auren dole da hana 'ya mace ilmi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin magidanci ne da ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda wata mace ta waje, da yadda alhaki ya bi shi. Irin wannan wa'azi ne, wani ma ya fi jin sa a littafi fiye da a kan mumbari.

An kafa hukumar tace finafinai da littattafai a Kano a 2001, kuma a 2007 gwamnatin jihar ta wancan lokaci ta ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai. Me ya biyo baya? Labarin ya bar takarda ya shiga waya. Yanzu a WhatsApp da Wattpad ake rarraba shi shafi-shafi, wani a karanta maka shi a YouTube kana kwance. Da can marubuci yana sa sunansa da hotonsa a bango, yana jin kunyar surukansa. Yau mai rubutun yana iya ɓuya a bayan sunan ƙarya, ya zuba batsar da ko a bakin tasha ba a faɗa, ya ce a biya kuɗi kafin a ga ci gaba. Wuta tana cin takarda, amma ba ta cin yunwar da ta sa aka nemi takardar. Kuma kada wani ya ce mini ai mata ne ke karantawa. Kowane saurayi na tambaya sai ya ce a wayar ƙanwarsa ya gani. To, wa ya kai ka wayar ƙanwarka har ƙarfe uku na dare?

Wanda ke da batsa a ciki, hukuncinsa a fili yake. Allah ya hana kusantar zina a Suratul Isra'i aya ta 32, ya umurci muminai maza da runtse ido a Suratun Nur aya ta 30, kuma abin da aka hana ido ya kalla ba a halatta wa zuciya ta zana shi da haruffa ba. Amma akwai wata illa da ta fi ɓuya, wadda take cikin ko da mai tsabtar. Jarumin littafi kullum ɗan attajiri ne, ya yi karatu a ƙasar waje, motocinsa ba sa ƙirguwa, ba a taɓa nuna shi yana neman kuɗin haya ba. Jarumar kuwa ba ta mura, ba ta gajiya, ko daga barci ta tashi ƙamshi take yi. Saurayi ya kwashe wata biyu yana zaune da waɗannan mutane, sai ya raina kansa ya raina gidansu. Ran da Allah ya ba shi mata ta gaskiya, 'yar mutane mai laulayi da fushi da ciwon kai, sai ya ga kamar an cuce shi, alhali da wata wadda ba a haifa ba yake gwada ta. Na zauna sulhun aure da dama, na kuma ji wannan da kunnena daga bakin ango da amarya duka. Annabi (S.A.W.), a hadisin Ibnu Majah, ya nuna cewa ba a ga abin da ya dace da masoya biyu kamar aure ba, kuma a hadisin Ibnu Mas'ud ya umurci samarin da ke da hali su yi aure, wanda ba shi da hali ya lizimci azumi. Ga ma'auni mai sauƙi: littafin da ba za ka iya karanta shi da ƙarfi a gaban mahaifiyarka ba, ko wanda ya sa ka makara sallar Asuba, ka san matsayinsa.

Fatalwa

Yanzu mu koma benen nan. Abu na farko da ya wajaba ku rarrabe shi ne aljani daban, fatalwa daban. Aljanu gaskiya ne, halittar Allah ne, akwai sura guda da sunansu, wanda ya musanta samuwarsu ya ƙaryata Alƙur'ani. Fatalwa kuwa, watau a ce ran mamaci ya dawo yana yawo a gidan da ya mutu, wannan ƙarya ce tsagwaronta. A Suratul Muminun aya ta 99 da ta 100 Allah ya ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ƙi, aka kuma bayyana cewa akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Tirmizi ya ruwaito cewa Abdullahi mahaifin Jabir, wanda ya yi shahada a Uhudu, Allah ya ce ya roƙi abin da yake so, ya roƙi a mayar da shi duniya a sake kashe shi saboda Allah, aka ce masa hukunci ya riga ya gabata cewa ba a komawa. To, in shahidin Uhudu bai samu izni ba, maigadin bene ne zai samu?

Larabawan jahiliyya suna da irin wannan camfi. Suna cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, ransa yakan zama tsuntsun dare ya riƙa kuka a kan kabarinsa. Annabi (S.A.W.) ya kore wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, tare da camfin shu'umci da tsuntsaye. Abin dariya, ko in ce abin kuka, washegari da hantsi na ɗauki yaron nan da mahaifinsa muka je benen. A wani lungu a sama muka tarar da mujiya da 'ya'yanta, ƙasa duk kashinta da ƙasusuwan ɓeraye. Wanda ya taɓa jin kukan farar mujiya da dare ya san ƙarar da suka ji. Shekara dubu da ɗari huɗu bayan an kore camfin, tsuntsuwar nan dai ita ce ta karya ƙafar ɗan musulmi.

Wannan wasa na shiga kango da na'ura ana neman matattu ba namu ba ne, kuma ya kamata ku san inda ya fito. A 1848, a wani ƙauye mai suna Hydesville a jihar New York ta Amurka, wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Margaret da Kate Fox, suka ce wani mamaci yana amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Labari ya bazu, suka zama mashahurai, mutane suna biyan kuɗi domin a haɗa su da matattunsu, har abin ya zama wani addini mai mabiya a Amurka da Turai. Bayan shekara 40, a 1888, Margaret ta tsaya a gaban taron jama'a a birnin New York ta ce ƙarya suke yi, ta nuna yadda take ƙas da gaɓar yatsan ƙafarta ƙarar ta fito. Ta janye maganar bayan shekara guda, amma an riga an ga yadda ake yi. A Landan an kafa ƙungiyar masu neman fatalwa tun 1862, aka kafa wata ta masu bincike a 1882. Yau fiye da shekara 140 ke nan, ba su kawo fatalwa ko guda da za a nuna wa duniya ba. Abin da kuke kwaikwayo a waya kuwa daga talabijin ya samo asali: shirin Most Haunted da aka fara a Ingila a 2002, da Ghost Hunters a Amurka a 2004, wanda jagororinsa biyu masu gyaran famfo ne da rana. A 2005 hukumar da ke kula da gidajen talabijin ta Ingila ta bayyana cewa shirin farkon nan na nishaɗi ne, ba bincike ba ne da za a ɗauka da gaske. Su da kansu ke nan.

Kuma Turawan da suka bi abin da hankali sun gano sababai na zahiri. A 1853 masanin kimiyya Michael Faraday ya gwada masu zama su ɗora hannu a kan tebur suna cewa ruhohi ne ke juya shi, ya nuna cewa hannuwansu ne ke tura shi ba tare da sun sani ba. Na'urar da masu farautar ke yawo da ita tana ƙyalli, an yi ta ne domin auna ƙarfin maganaɗisun da ke fita daga wayoyin lantarki, wayar da ke aljihunka ma tana iya motsa ta. Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya rubuta a 1998 cewa a ɗakin da yake aiki mutane suna jin tsoro da sanyin jiki, shi kansa ya ga kamar wata inuwa a gefen idonsa, da ya bincika sai ya tarar wata fanka ce ke fitar da sauti mai kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa, ƙasa da abin da kunnen mutum ke ji. Da aka gyara fankar, abin ya ɗauke. Wanda ya fi shafarmu shi ne wannan: a 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya buga labarin wasu iyali da suke jin takun sawu suna ganin mutane a gidansu da dare, ga ciwon kai ga kasala, ashe murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana zuba musu iskar guba. Ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, ba ta da launi ba ta da wari. Saboda haka in mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri da gane-gane, alhali janareta na aiki a cikin gida ko kusa da taga, a kashe shi, a buɗe ƙofofi, a fita, a nufi asibiti. Gidaje nawa aka wayi gari an tarar duk sun mutu a ƙasar nan, aka ce aljanu ne ko maita?

Wani zai ce, to Malam, in ba fatalwa, ai akwai aljanu, mu su muke nema. Wannan ya fi muni. Allah ya faɗa a Suratul A'araf aya ta 27 cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu. Wane mafarauci ne yake fita farautar abin da ke ganinsa shi ba ya ganinsa? A Suratul Jinni aya ta 6 an ba da labarin mutanen da suke neman tsari da aljanu, malaman tafsiri suka ce matafiyi ne in ya sauka a wani kwari da dare sai ya nemi tsarin shugaban aljanun wurin, abin bai ƙara musu kome ba sai tsoro da zunubi. Wanda ya tsaya a kango yana kiran “in kana nan ka amsa,” wa yake kira? Daga nan zuwa gidan boka da ɗan bori taku kaɗan ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. In kuwa labarin gaibu kuke nema a wurinsu, ku karanta Suratu Saba'i aya ta 14. Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi.

Akwai wani hadisi a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da nake so kowane saurayi ya sani, domin a kan saurayi ne irinku. Abu Sa'idil Khudri (R.A.) ya ce lokacin yaƙin Khandaƙ akwai wani matashi sabon ango, yakan nemi izni da tsakar rana ya leƙa gida. Wata rana Annabi (S.A.W.) ya ce ya tafi da makaminsa. Ya isa ya tarar da amaryarsa tsaye a bakin ƙofa, kishi ya kama shi, ya nuna ta da mashi. Ta ce ya dakata ya shiga ya ga abin da ya fito da ita. Ya shiga, sai ga wani ƙaton maciji naɗe a kan shimfiɗa. Ya soke shi da mashin, ya fito ya kafa a tsakar gida, macijin ya yi birgima a kansa, ba a san wanda ya riga mutuwa ba tsakanin shi da macijin. Annabi (S.A.W.) ya bayyana musu cewa a Madina akwai aljanun da suka musulunta, in an ga irin wannan a gida a yi masa gargaɗi kwana uku kafin a kashe. Wannan sahabi ne, a cikin ɗakinsa, bai je neman kowa ba. Ina ga wanda ya bar gadonsa ya tafi tsokana?

Ban da wannan, kangon nan yana da mai shi, kuma Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izni ba. In maƙabarta ce, an halatta mana ziyara ne domin tuna lahira da yi wa mamata addu'a, kuma Annabi (S.A.W.) ya ce zama a kan garwashi ya fi wa mutum alheri da zama a kan kabari, balle a tattaka ana ɗaukar hoto. Sa'an nan galibin wannan wasa yakan ƙare ne da wani ya ɓuya ya tsorata abokinsa a yi dariya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya da wasa, ya farka a firgice, Annabi (S.A.W.) ya ce bai halatta musulmi ya firgita musulmi ba. Igiya fa kawai. Kuma a halin da ƙasa take ciki, samari huɗu da tocila a kango da tsakar dare, in 'yan sintiri suka yi musu ihun ɓarayi, wa zai tsaya sauraron bayanin fatalwa?

Shi yaron da na fara ba ku labarinsa, ba mu kai shi wajen kowa ba. Ganin mujiyar nan da idonsa ya ɗauke rabin ciwon. Ya ce wani lokaci yakan farka ya ji an danne shi ba ya iya motsi. Na ce masa wannan shi ne dannau, likitoci sun san shi: ƙwaƙwalwa ce take farkawa kafin jiki ya saki, yakan wuce cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma rashin barci da kwana a kan waya suna ƙara shi. Na koya masa abin da ya tabbata: Ayatul Kursiyyu in zai kwanta, kamar yadda ya zo a labarin Abu Huraira da ɓarawon abincin zakka, da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki. Ba laya, ba turare, ba yanka. Na ce wa uban ya karɓi wayar daga sallar Isha'i zuwa safe, in kuma rashin barcin ya wuce mako biyu nan gaba a kai shi asibiti, domin firgita tana iya zama ciwo mai bukatar likita, kuma neman magani ba ya warware tawakkali.

Sa'an nan muka nema masa abin yi. Da safe yana zuwa shagon wani mai gyaran lantarki a bakin kasuwa, bayan La'asar yana zuwa masallaci muna karanta Arba'una Hadisan na Nawawi, hadisi ɗaya kowace rana, wanda in aka fara a makon farko na hutu ana saukewa kafin a koma makaranta. Da ya ce shi fa yana son labari, na ba shi tafsirin Suratu Yusuf da littafin tarihin Annabi (S.A.W.), na ce in ya gama ya zo mu yi maganar Khadija. Ran Juma'a kuma shi da sauran biyun suna zuwa gaida abokinsu mai karaya, wanda ya yi wata biyu a kwance, hutunsa duka ya tafi a kan tabarma.